Kafin a Taɓa Haƙori, Sai an Tambayi Magani

Dattijo ya je asibiti don a wanke masa haƙora. Babu inda ke masa ciwo, dauɗar da ta daskare a gindin haƙoransa kawai yake son a kankare. Ya hau kujera yana jiran a ce ya buɗe baki, sai ma'aikaciyar ta ɗauko kati da biro ta ce, "Baba, wane magani kuke sha a halin yanzu?" Da yawa sukan amsa da cewa babu. In aka sake tambaya cikin lallami, sai a ji ashe akwai ƙwayar hawan jini da ake haɗiya kowace safiya, akwai ta ciwon suga, akwai wata 'yar ƙarama da likitan zuciya ya ce kada a kuskura a daina, ga kuma kafso biyu da aka sayo a kemis shekaranjiya. Dattijon bai yi niyyar ɓoye komai ba. A ganinsa waɗannan duk na jiki ne, shi kuwa haƙori ya kawo.

Wannan tambaya ita ce dalilin da ya sa ake koyar da ilimin magunguna ga masu aikin tsaftace haƙori, mutanen da a yawancin ƙasashe ba su ne ke rubuta magani ba. Sana'ar ta samo asali ne a Amurka. Wani likitan haƙori mai suna Alfred Fones, a garin Bridgeport na jihar Connecticut, ya koya wa mataimakiyarsa Irene Newman yadda ake kankare dauɗar haƙora, sannan a shekarar 1913 ya buɗe makaranta ta farko ta wannan aiki. A Najeriya akwai ma'aikatan jinyar haƙori da ke yin irin wannan aiki ƙarƙashin likita, suna da hukumar da ke yi musu rajista, kuma makarantar horar da su da ke Enugu ta daɗe tana yaye su. Su ne ke daɗewa da majinyaci, su ne ke kallon dasashinsa rabin awa ko fiye. Abin da magani ya yi wa baki, sau da yawa su ne na farkon gani.

Darasin farko da ake ba su shi ne hanyar da ƙwaya ke bi. In aka haɗiye ta, sai ta narke a ciki, hanji ya tsotse ta, jini ya kai ta hanta. Hanta ta karya wani kaso tun kafin ya zaga jiki, sauran ya bi jini ya isa ko'ina, har dasashi da miyau, daga ƙarshe ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Shi ya sa mai ciwon hanta ko ciwon ƙoda ba a ba shi abin da za a ba mai lafiya, don maganin zai taru a jikinsa. Shi ya sa kuma ake sa ƙwayar ciwon ƙirji, wato naitirogilisarin, a ƙarƙashin harshe: fatar wurin siririya ce, cike da jijiyoyin jini, maganin yana shiga kai tsaye ba tare da ya bi ta hanta ba, cikin 'yan mintuna ya fara aiki. Kowane ɗakin haƙori na kirki yana ajiye ta cikin akwatin gaggawa.

Daga cikin abubuwan da ke bayyana a baki, babu mai ɗaukar ido kamar kumburin dasashi. A shekarar 1938 aka fara amfani da fenitoyin wajen maganin farfaɗiya, kuma shekara guda bayan nan likitoci suka ba da rahoton cewa dasashin masu shan sa yana girma yana hawa kan haƙora. Kusan rabin masu shan wannan magani sukan gamu da haka. Daga baya aka gano cewa saikulosporin, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, shi ma yana yi. Sai kuma dangin magungunan hawan jini irin su nifedifin da amlodifin, kuma a nan ne maganar ta shafi gidaje da yawa a ƙasar Hausa, domin amlodifin yana cikin waɗanda aka fi rubuta wa masu hawan jini. Ba kowa yake samu ba, kuma da amlodifin abin bai kai na nifedifin yawa ba. Amma wanda ya samu, zai ga naman da ke tsakanin haƙoransa ya yi kauri, ya yi ƙulu-ƙulu, wani lokaci har ya rufe rabin haƙori. Abinci ya riƙa maƙalewa, jini ya riƙa fita in an goge. Mutum ya tsorata, ya ɗauka daji ne, ko ya fara neman maganin sammu.

Ma'aikacin da ya san magunguna yana ganin haka zai koma kan kati. Ba zai ce wa majinyaci ya daina shan maganin hawan jini ba, wannan kuskure ne da ka iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Abin da zai yi shi ne ya wanke haƙoran sosai, don dauɗa tana ƙara hura wutar kumburin, ya koya masa gogewa da kyau, sannan ta hannun likitan haƙori a rubuta wa likitan da ke duba hawan jinin ko zai iya sauya masa wani. Sau da yawa in an sauya, dasashin yakan ja da baya cikin 'yan watanni.

Bushewar baki kuwa ta fi yawa, ta kuma fi ɓoyewa. Mutum mai lafiya yana samar da miyau tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Miyau ne ke wanke ragowar abinci, yana kashe tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, yana mayar wa haƙori ma'adinan da tsamin ya zare. Ɗaruruwan magunguna suna rage shi: na mura da ƙaiƙayi irin Piriton, na damuwa irin amitiriftilin, masu sa fitsari da ake ba masu hawan jini, da sauransu. Tsohuwar da ta shekara sittin ba ta taɓa yin kogon haƙori ba, sai a ga cikin shekara biyu ruɓa ta kama gindin haƙoranta. In aka bincika, a tarar ta fara shan magunguna uku, bakinta na bushewa da dare, tana tsotsar alewa don ta jiƙa maƙogwaro. Alewar ce ke ƙarasa ɓarnar. Shawarar mai sauƙi ce, kurɓar ruwa akai-akai, cingam marar suga, makilin mai fuloraid, amma sai an gane tushen matsalar za a iya ba da ita.

Sai maganar jini. Wankin haƙori yana fitar da jini, musamman in dasashi ya kumbura, kuma akwai masu shan magungunan da ke hana jini daskarewa. Warfarin shi ne sananne a cikinsu, kuma tarihinsa abin mamaki ne. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci ruɓaɓɓiyar harawa. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin, ƙarƙashin Karl Link, suka gano sinadarin da ke jawo haka. A 1948 aka fitar da warfarin a matsayin gubar ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane. Yau shi ne ke raya wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe. Ana auna ƙarfinsa da gwajin jini da ake kira INR, kuma ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce in sakamakon bai kai 4 ba, a yi aikin haƙori ba tare da an dakatar da maganin ba, a tsayar da jinin da auduga da dannawa. A da akan ce wa majinyaci ya daina sha kwana biyu ko uku kafin ya zo. An bar wannan, domin jinin dasashi ana iya tsayar da shi a kujera, gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa kuwa ba a iya mayar da abin da ya ɓata. Haka abin yake ga masu shan ƙaramar asfirin kullum.

Haɗarin warfarin ya fi fitowa wajen haɗa shi da wani magani. Metronidazol, wanda kowa ya sani da Flagyl, ana yawan ba da shi don ciwon dasashi, kuma yana hana hanta karya warfarin. Sai maganin ya taru, jini ya tsinke fiye da kima. Man maikonazol da ake shafawa a baki don farin fumfuna shi ma haka yake yi, ko da yake shafawa kawai ake yi, kuma an samu waɗanda suka rasa ransu ta wannan hanya. Ma'aikacin da ya ga sunan warfarin a kati, ya kuma ga an rubuta Flagyl, wajibi ne ya buɗe baki ya tunatar da likita.

Allurar kashe zafi ita ce abin da mutane suka fi tsoro, ita ce kuma ta sauya aikin haƙori baki ɗaya. A 1884 wani likitan ido a birnin Biyana, Carl Koller, ya nuna cewa hodar ibilis tana kashe jin zafi a ido, kuma a shekarar ne William Halsted a Amurka ya yi allurarta kusa da jijiyar muƙamuƙi. Ta yi aiki, amma ta jefa mutane cikin jaraba, har shi Halsted ɗin kansa. A 1905 aka samu furoken daga hannun Bajamushe Alfred Einhorn, sannan a 1943 Nils Löfgren ya haɗa lidoken a ƙasar Suwidin, wanda har gobe shi aka fi amfani da shi. Aikinsa shi ne toshe 'yan ƙofofin da gishirin sodiyam ke bi ya shiga jijiya. In sodiyam bai shiga ba, saƙon zafi ba zai tashi ba, balle ya isa ƙwaƙwalwa.

A nan lissafi yake shigowa, kuma a kusan dukkan jihohin Amurka masu tsaftace haƙori suna yin wannan allura da hannunsu, don haka dole su iya shi. 'Yar kwalbar da ake sakawa a sirinji tana ɗauke da mililita 1.8, a cikinta akwai miligiram 36 na lidoken. Likitocin haƙoran yara a can suna tsayawa a miligiram 4.4 ga kowane kilo na nauyin yaro. Yaro mai kilo 20 ke nan iyakarsa miligiram 88, bai kai kwalba biyu da rabi ba. Wanda ya yi wa yaro allura da ma'aunin babba zai iya jefa shi cikin jijjiga. Ana kuma haɗa ɗan adiranalin a ciki don ya matse jijiyoyin jini, maganin ya daɗe a wurin, jini ya ragu. Kowace irin wannan kwalba tana da miligiram 0.018 na adiranalin, mai ciwon zuciya kuwa ana taƙaita shi a 0.04, wato kwalba biyu. Adiranalin ɗin ne ke sa wasu su ji zuciyarsu na bugawa da sauri bayan allura, su tafi suna cewa jikinsu ba ya karɓar ta, alhali ƙin karɓar lidoken na gaskiya abu ne da ba kasafai ake gani ba. Akwai kuma dalilin da ya sa allura ta kan ƙi kamawa a haƙorin da ya yi ruwa ya kumbura: wurin ya yi tsami, a cikin tsami kuwa kaɗan ne daga maganin ke iya ratsa bangon jijiya.

Maganin zafi da ake haɗiya kowa ya ɗauka ya san shi. Bincike ya nuna cewa ga ciwon haƙori, ibufirofen haɗe da farasitamol ya fi magungunan dangin kodin da tiramadol aiki, ga shi babu jaraba. Amma kowanne da iyakarsa. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, kuma mai ciwon haƙori cikin dare yakan sha Panadol, ya ƙara da maganin mura, ya ƙara da wani na ciwon jiki, bai san duk ukun farasitamol ne a ciki ba. Hanta ce ke biyan bashin. Ibufirofen da daikulofenak ba na mai gyambon ciki ba ne, ba na mai ciwon ƙoda ba, ba na mai tsohon ciki ba, ba kuma na mai shan warfarin ba.

Akwai wata al'ada da ma'aikatan haƙori ke gani a ƙasashe da dama: a ɗauki ƙwayar asfirin a manna a jikin haƙorin da ke ciwo. Asfirin sinadari ne mai tsami, yana ƙona fatar baki, washegari a ga farin tabo a dasashi ko kunci, ciwo ya zama biyu. Kanumfari da iyaye ke sakawa a kogon haƙori ya fi wannan hujja, domin man da ke cikinsa, yujinol, har yau likitoci na cakuɗa shi cikin cikon wucin gadi. Sai dai shi ma in ya yi yawa yana ƙuna, kuma lafawar zafi ba ta cike kogo.

Abin da ya fi damun masu wannan fanni shi ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Yawancin ciwon haƙori kumburin jijiyar cikin haƙori ne, kuma amoksisilin ko Ampiclox ba sa warkar da shi. Magani shi ne a buɗe haƙorin a gyara, ko a cire. Ana buƙatar kafso ne in kumburi ya bazu zuwa fuska ko wuya, ko zazzaɓi ya shigo. Duk da haka ana sayen su ɗaiɗai, a sha kwana biyu a bari, ƙwayoyin cuta su saba, ranar da ake buƙatar maganin da gaske ya ƙi aiki. Akwai dai mutane ƙalilan da ake ba su kafin wankin haƙori, domin kankarar dauɗa tana tura ƙwayoyin cuta cikin jini, su je su maƙale a zuciyar da ke da rauni. A 2007 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta taƙaita wannan ga masu ƙofar zuciya ta roba ko ƙarfe, da waɗanda ƙwayoyin cuta suka taɓa kama zuciyarsu, da masu wasu nau'ikan ciwon zuciya na haihuwa, da wasu daga cikin waɗanda aka yi wa dashen zuciya. Giram 2 na amoksisilin, sau ɗaya tak, minti 30 zuwa 60 kafin a fara. Birtaniya ma a 2008 ta daina bayarwa a matsayin al'ada.

Tetirasaikilin, kafson nan ja da rawaya da ake ɓarewa a ba yara in suna gudawa, yana barin alama ta har abada. Yana kama alli a haƙorin da ke tsirowa a cikin ƙashi, haƙoran su fito da launin toka ko ruwan ƙasa. Ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba, ba a ba mai ciki. Iyaye sukan kawo yarinya a wanke mata, kuma dole ma'aikaci ya gaya musu gaskiya cewa launin a cikin haƙorin yake, kankara ba za ta fitar da shi ba.

Magunguna biyu ne suke hannun mai tsaftace haƙori kullum. Na farko kuloheksidin, ruwan kurkurar baki. A 1970 Harald Löe da Rindom Schiött a Denmark suka nuna cewa kurkura sau biyu a yini tana hana dauɗa taruwa ko da ba a goge baki ba. Amma in aka daɗe ana yi, yana rina haƙora da harshe, musamman ga mai shan shayi, yana kuma dushe ɗanɗano, shi ya sa ake ba da shi na mako ɗaya ko biyu. Sinadarin kumfa da ke cikin makilin yana rage masa ƙarfi, don haka ake cewa a bar tazarar rabin awa tsakaninsu. Na biyu fuloraid, wanda ke ƙarfafa bangon haƙori. Makilin na manya yana da kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan, wanda ake shafa wa yara a asibiti kuwa 22,600, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makilin mai fuloraid cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Yawansa ne ke raba amfani da cuta. Hukumar ta ce ruwan sha kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. A yankin Langtang na jihar Filato an san haƙora masu dabbare-dabbare saboda ruwan ƙasa. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Ma'aikacin da ke aiki a irin waɗannan wurare sai ya tambayi ruwan da yaro ke sha kafin ya ƙara masa fuloraid.

Jarirai ma suna cikin lissafi. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, yara 84 suka mutu a Najeriya bayan an ba su ruwan maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda. Abin baƙin cikin shi ne fitar haƙori ba ta buƙatar irin wannan magani tun farko. Zazzaɓi mai zafi da gudawa a wannan shekaru ciwo ne da ke buƙatar asibiti, ba aikin haƙori ba ne. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a shafa wa yaron da bai kai shekara biyu ba man benzoken a dasashi, saboda yana iya hana jini ɗaukar iskar numfashi.

Ko lokacin zuwa asibiti ma magani na da ta cewa. Mai ciwon suga da ya sha gilibenkilamaid ko ya yi allurar insulin da safe, ya fito bai karya kumallo ba, yana iya fara gumi da rawar jiki a kujera, hankalinsa ya gushe. Ana so ya ci abinci, a ba shi layin farko, a kuma ajiye ruwan suga kusa. A watan azumi wannan tambaya takan ƙara nauyi. Tsohuwar da ke shan alendironet don ƙarfin ƙashi, ko mai ciwon daji da ake yi wa ƙarin ruwan irin wannan magani, wankin haƙori ba ya cutar da su, amma cire haƙori yana iya barin ƙashin muƙamuƙi a buɗe ya ƙi warkewa, abin da wani likita mai suna Robert Marx ya bayyana a 2003.

Wahalar da ma'aikacin ƙasar Hausa ke fuskanta, wadda littattafan da aka rubuta a Amurka ba su cika kawowa ba, ita ce majinyaci bai san sunan abin da yake sha ba. An ba shi ƙwayoyi a 'yar leda ko takarda, an ja layi biyu ko uku a jiki, shi ke nan. Zai ce fara ce ƙarama, ko mai tsaga a tsakiya. Ga jiƙo da tsimi da ake sha safe da yamma, waɗanda ba a lissafa su cikin magani, alhali hanta ɗaya ce ke karya su duka. Saboda haka ma'aikatan da suka goge sukan sauya salon tambaya. Maimakon sunan magani, sai su tambayi ciwon: "Hajiya, kuna zuwa asibitin hawan jini? An taɓa yi muku aikin zuciya? In kun yanke, jinin yakan daɗe bai tsaya ba?" In amsar ta nuna akwai abin dubawa, a ɗaga wankin zuwa wani mako, a roƙi Hajiya ta dawo da kwalayen magungunanta duka a leda, har da katin asibitin da aka rubuta su.